Ɗakin ɗiyata ya zama sito, ga haihuwa ta matso

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Birnin Kebbi, gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Ɗiyata ta kusa cika shekara huɗu, har yanzu tare muke kwana, ga shi ina da ciki wata biyar. Ina son in mayar da ita ƙaramin ɗakin kafin in haihu. Ɗakin ƙafa 8 ne da ƙafa 9, taga ɗaya, kuma a cike yake: gado na biyu na kayan aurena mai ƙafa shida da huɗu da rabi, sif mai ƙofa uku, shokes cike da kwanuka da kulolin da ban taɓa amfani da su ba, akwatunan lefe shida, sai buhunan shinkafa biyar da ake kawo wa maigida daga gona. Maigida ya ce in sayar da komai a sayo gado mai hawa biyu, amma shinkafarsa ba za ta motsa ba don ba wurin kai ta. Da Inna ta ji, ta ce in na gaji da kayan da ta yi adashi ta saya mini in aiko mata abinta, kuma wai wace uwa ce ke kai 'yar shekara huɗu ɗaki ita kaɗai. Kuɗin hannuna ba yawa. Yaya zan shirya ɗakin nan ban ɓata da kowa ba?

Wata uwa daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana 'yar budurwa.

Ƙafa 8 da ƙafa 9 ya ishi 'yar shekara huɗu har da rara, wannan kam ki kwantar da hankalinki. Masu ɗakin ne suka yi yawa. Inna tana da rabo a ciki, maigida yana da nasa, ke ma kina da naki a akwatunan lefe, ita kuwa wadda ake son shirya wa ɗakin ko wurin taka ƙafa ba ta samu ba. Ɗauki biro mu lissafa. Ƙasan ɗakin gaba ɗaya murabba'in ƙafa 72 ne. Gadon nan ya cinye 27. Sif mai ƙofa uku yakan ci kamar 10, kuma sai an bar masa wani wajen 10 a gabansa kafin ƙofofinsa su buɗu. Shokes ya ɗauki wajen 6, ƙofar ɗakin kanta in ciki take buɗewa tana son kamar 9. Abin da ya saura bai wuce 10 ba, ba a sa akwati ba, ba a sa buhu ba. Kin ga ke nan ba wata dabarar jeren da za ta yi aiki sai an fitar da kaya tukuna. Saye kuwa sai can daga baya, in ma ya zama dole.

Da shinkafa zan fara, kuma ba don cin wuri ba. Ki tambayi maigida yau ɗin nan ko an taɓa sa wa buhunan nan ƙwayar maganin ƙwari, irin su Phostoxin da masu ajiyar hatsi ke ƙullewa a tsumma su cusa cikin buhu. Ƙwayar nan da zarar ta ji damshin iska sai ta fara sakin iskar guba mai suna fosfin, gubar kuma ba ta zama cikin buhu, fitowa take yi ta cika ɗaki, har ta kan tsallaka ɗakin da ke jikinsa. An sha samun mutanen da suka kwana kusa da irin wannan hatsi suka tashi da amai da sarƙewar numfashi, wasu ma ba su tashi ba, kuma yara ta fi yi wa illa. In an sa, to ba ɗakin yarinya kaɗai buhunan za su bari ba, gidan za su bari, domin ke ma da cikin nan bai kamata ki shaƙe ta ba. In ba a sa ba, duk da haka hatsi ɓera yake kira da ƙwari, ga ƙaiƙayi in shanshera ce, ga yarinya mai shekarun hawa duk abin da ta gani a jibge.

Amma kada ki je masa da "ko shinkafarka ko 'yarka". Mutumin da ya san kuɗin taki da na man injin ban ruwa a fadama ba zai so abincin shekararsa ya yi nisa da idonsa ba, ni ban ga laifinsa a nan ba. Ki je masa da wurin da za a kai. In ba a sa maganin ba, buhu ɗaya da ake ci ya koma kicin ko sito, a ɗora shi kan katako don kada ya ja sanyin ƙasa. Sauran huɗun su zauna a gidan iyayensa ko wurin ɗan'uwa amintacce mai shago, ya riƙa ɗaukowa ɗai-ɗai. Kuma ki nuna masa ke ma kin sadaukar da naki: in ya ɗauke buhu, ke za ki ɗauke shokes. Namiji ya fi saurin sakkowa in ya ga ba shi kaɗai aka ce ya matsa ba.

Gado mai hawa biyu kuwa ki ce masa shawararsa tana nan, lokacinta ne bai yi ba. Likitocin yara ba su yarda ɗan ƙasa da shekara shida ya kwana a hawan sama ba, saboda faɗowa cikin barci da hawa tsani cikin magagi. Jaririn da ke tafe kuma a ɗakinku zai zauna, aƙalla wata shida na farko kamar yadda likitoci ke so, a al'adarmu ma har zuwa yaye. To wa zai hau saman? Sai dai ya zama wurin jibge kaya da wurin tsalle-tsalle, ga fankar silin a kusa da kai, ga wahalar ɗaura gidan sauro. A ajiye kuɗin, nan da shekara biyu ko uku a sake duba maganar.

Yanzu Inna. Ki saurari abin da ta faɗa da kyau, domin ba maganar kwano take yi ba. Uwar da ta yi zubin adashi wata da watanni, wataƙila ta sayar da dabbarta, don kada a raina 'yarta ranar jere, in ta ji an ce "a sayar da komai" ba katako take ji an ce a fitar ba. Kuma na fi zaton a bakin wani ta ji, ko ta ji shi a matsayin hukuncin da surukinta ya yanke, shi ya sa abin ya yi mata zafi. Kayan ɗaki naki ne, ba na maigida ba, ba kuma na Inna ba tun ranar da ta ba ki, kina da ikon yin yadda kika so da su. Sai dai samun iko daban, yadda za a yi amfani da shi daban. Kada ki kira dillaliya a ɓoye. Ki je gida da ƙafarki, kada ki yi ta waya, ki zauna ki ce: "Inna, jikanyarki nake son yi wa ɗaki da kayan da kika yi mini, na zo ki ba ni shawarar wanda zan bar mata." Da kin faɗi haka kin mayar da ita mai jere, ba wadda ake fitar wa da kaya ba.

Kuma gaskiya za ki faɗa mata, don gadon nan ba sai ya bar gidan ba. In katako ne na gaske, kafinta zai iya rage masa faɗi ya dawo ƙafa uku, masu katifa kuma su yanke soson su sake masa riga. Kin ga gadon Inna ya zama gadon jika, kuɗin aikin kuma bai kai na sabo ba. In kuwa irin na garin katakon nan ne da ake matsewa a lulluɓe da leda mai sheƙi, kada ki ɓata kuɗinki, da an sa masa zarto rugurgujewa yake yi. Wannan sai a sayar da sanin Inna, ko a ajiye wa ƙanwa in akwai mai shirin aure. Kwanuka da kuloli ki zaɓi waɗanda za ki bukata ranar suna, ga shi ma ta kusa, ki kai kicin su fara aiki. Sauran ki ba Inna zaɓi: ta adana su a wurinta, ko a sayar a sayi 'yar tunkiya ko ɗan kunnen zinari da sunan yarinyar. Iyayenmu ba sa ƙin a juya kaya, ɓarna suke ƙi. Shokes ɗin dai ko yaya aka ƙare ba zai zauna ɗakin yarinya ba, gilashi ne, kuma dogo ne marar gindi. Falo ne wurinsa.

Akwatunan lefe ba su da wuya. In saiti ne, ƙanana suna shigewa cikin manya, shida su koma biyu, su hau kan sif ɗin ɗakinki. Atamfofin da suka shekara huɗu ba a ɗinka ba, kin san abin da za ki yi da su.

In ɗaki ya zama fili, ki share, ki duba gindin bango ko akwai hanyar gara ko ramin ɓera a toshe da siminti, sannan ki nemi wurin gado kafin komai. Bayan magariba ki shiga ki dafa kowane bango da tafin hannu. Wanda ya sha ranar yamma za ki ji shi da ɗumi har dare, kuma kin san Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Kada gado ya jingina da wannan bangon. Kada kuma ya zauna ƙarƙashin taga, saboda feshin ruwan sama da ƙurar hunturu, da kuma yarinya da za ta taka shi ta kama labule. Ki miƙar da shi jikin dogon bangon, mai ƙafa 9, ya shige kusurwa, yadda in kin leƙo daga ƙofa za ki hango fuskarta. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, don damshin Agusta kada ya kama katifa, kiyashi kada ya samu gada, hannunki kuma ya samu shiga wurin cusa gidan sauro. Gado mai ƙafa shida da uku na fi so miki a kan mai shida da biyu da rabi, domin akwai dararen da za ki kwanta gefenta. Tsayinsa kada ya wuce gwiwarki, amma a bar kamar ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa. Wurin nan na siririyar katifa ne da za a riƙa jawowa da dare, zan gaya miki ta wace ce.

In kuɗin kafinta ma bai samu ba yanzu, katifa a ƙasa kan tabarma ba abin kunya ba ce, yaro ma ba ya faɗowa daga ƙasa. Sharaɗin dai a riƙa ɗaga ta kullum da safe a jingine ta sha iska a share ƙarƙashinta, saboda damshi da kunama.

Gidan sauro kuwa da shi ake auna wurin gado, ba bayan an gama jere ake neman inda za a maƙala shi ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada, babu jihar da ta kai haka a Nijeriya. Duk wanda ke zaune kusa da fadamar gulbin Rima da gonakin shinkafa ba sai an ba shi labari ba. Shi ya sa ma Kebbi ta kasance cikin jihohi biyu, ita da Bayelsa, da aka fara ba jarirai allurar rigakafin cutar a Disambar 2024, ki tuna da wannan in kin fara kai na cikin nan awo. Ki sa a kafa ƙugiya huɗu ko a ja igiya biyu daga bango zuwa bango, yadda ragar za ta sauko ta isa a cusa ta ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, kuma ta yi nesa da fanka. In sabuwa ce mai magani, ki shanya ta a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki. Tagar ma a sa mata raga. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya kada su shiga ɗakin nan, ya yi ƙanƙanta da hayaƙi.

Sif ɗin, in ɗakinki zai ɗauke shi, ya koma can. In ba hali, ki kai shi jikin bangon nan mai zafi ya zama garkuwa, a cire masa ƙofofi a sa labule, nan take kin kuɓutar da filin da ƙofofin ke ci, kin kuma huta da matse yatsa. Rabin ƙasa na yarinya, rabin sama naki. Sai abu ɗaya da ba na son ki ɗauka da wasa: a ɗaure shi da bango. Yaro in yana son abin da ke sama, jawo durowa yake yi ya taka, nauyinsa ya rinjayi sif ɗin ya kifo masa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan irinsu sun faɗo wa ƙananan yara sun mutu, kuma namu na nan ba su fi nasu tsayuwa ba, balle a kan daɓen da bai daidaita ba. Ƙarfe biyu masu kusurwa daga wurin mai walda, da noti da fisha, sun gama aikin. Gidan haya ne, don haka maigida ya sanar da mai gidan kafin a huda, ya yi alkawarin toshewa ranar tashi. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, kuma kada ki ɗora alewa ko abin wasa a samansa tana kallo.

Sauran ajiya ki yi ta daidai tsayinta. 'Yar shekara huɗu ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don haka ki durƙusa a tsakiyar ɗakin ki duba da idonta. Katako ɗaya mai maratayi uku ko huɗu daidai kafaɗarta, na jakar makaranta da hijabi da inifom. A ƙasa kwanduna uku, na kayan sawa na yau da kullum, na kayan wasa, na wanki. Masu murfi za ki nema, na roba ko na kaba, domin buɗaɗɗiyar kanta tana da kyau a hoton waya amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu kullum sai kin kakkaɓe ƙura. Kayan wasan ma ba duka za a zube mata ba, ki fito da kaɗan ki ɓoye saura, bayan 'yan makonni ki musanya, za ta karɓe su kamar yau aka sayo. Kanta guda a sama, inda hannunta ba ya kai, ta Alƙur'ani da man shafawa da abin da ba ki son ta taɓa. Tebur da kujerar karatu ki bar su sai ta shiga firamare, yanzu a ƙasa take zane, a ƙasa take wasa. Tsakiyar ɗakin ki bar shi fili da 'yar tabarma, kada ki ga wuri ya samu ki ce bari a sa wani abu.

Akwai kafur da muke zubawa cikin akwati da sif. Ki tsince shi duka, ki wanke kayan da suka kwana da shi kafin su taɓa jikin yarinya, balle na jariri. Yara kan ɗauka alewa ce, sannan akwai wani rashin sinadari a jini da ake gado, wanda ya yawaita a ƙasar nan, mai shi in ya shaƙi kafur ko ya sa tufafin da ya kama warinsa jininsa kan fashe, jariri ya yi shawara mai tsanani. Soket ɗin da ke ƙasa a rufe shi ko a kare shi da kaya, wayar wuta kada ta bi ƙasa, bokitin ruwa kada ya kwana a ɗakin. A cire sakatar ciki don kada ta kulle kanta. Fitila mai caji a maƙale ta sama saboda ɗaukewar wuta, fo kuma a kusa da ƙofa.

Maganar Inna ta biyu, ta kwanan yarinya ita kaɗai, ba ta rasa gaskiya ba. Mu ba mu saba ba, kuma addini bai tilasta a wannan shekarun ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito shekara goma ya ambata wurin raba wa yara makwanci, aya ta 58 a Suratun Nur kuma tana koyar da yara neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku. Ke nan raba ta da ɗakinku abu ne mai kyau da za a bi a hankali, ba wanda ya yi laifi tsakaninki da Inna. Ki fara da barcin rana a sabon ɗakin. Ta zaɓi zanen gadonta da kanta, ta taya ki zuba kaya a kwando. Sannan dare: ki kwanta gefenta ku yi addu'ar barci, in ta yi nisa ki tashi, ƙofarta da taku a buɗe. Za ta dawo muku tsakar dare, wataƙila sau da yawa, ki mayar da ita ba faɗa. Ki yi ƙoƙari ta saba kafin cikin ya shiga wata takwas, kuma kada kowa ya ce mata don ƙani ko ƙanwa aka fitar da ita, in ba haka ba jaririn za ta riƙe a zuciya. Siririyar katifar nan ta ƙarƙashin gado kuwa, ai in kin haihu dole wata ta zo zaman jego, ko Inna ko gwaggo, kwana arba'in. A ina za ta kwana in ɗakin yana cike da buhu? Ki faɗa wa Inna haka, ɗakin da kike gyarawa nata ne ita da jikanyarta. A daidai lokacin da yarinya za ta fi jin an yi watsi da ita, ga kakarta a gefe.

In kuma kin yi duk wannan maigida ya ce shinkafa tana nan daram, kada ki mai da abin rigima da tsohon ciki, kada kuma ki kai yarinyar ɗakin. Ki sa mata 'yar katifarta da gidan sauronta a ɗakinku, wajen ƙafar gado, ta fara sabawa da kwana ita kaɗai a shimfiɗarta. Ki ci gaba da rage naki kayan, ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, yayansa ko mahaifiyarsa, a yi masa bayanin ƙwayar maganin nan. Buhu biyar dai ci ake yi, kafin girbi mai zuwa sun ragu, sai ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa na sabuwar kaka ba za su shigo ɗakin ba. Ɗaga sif da jan gado kuma ba aikinki ba ne a wannan halin, ki nemo samarin gida, ke ki zauna kan kujera kina nuni.